Jifa a Bayan Kwali

Teburin ya maƙale a kwanar matakala, Norbert Kasprzak yana ja ta sama, abokinsa Duane yana turowa daga ƙasa yana tsine wa wanda ya gina gidan. Tun suna samari teburin nan yake a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan Lyle Hovland, kuma ba wanda ya taɓa tunanin fito da shi sai yanzu da mai gidan ya daina iya sauka. Daga falo, inda aka kafa masa gadon asibiti a jikin taga, Lyle ya aiko da muryarsa da ta dusashe, ya ce su bi a hankali, tsofaffi biyu da tsohon tebur ɗaya, shi bai san wanda zai fara karyewa ba. Sai da suka kwance wa teburin ƙafa guda kafin ya wuce.

Shinge ɗaya ne ya raba gidan Norbert da na Lyle a wani layi na garin Manitowoc, kuma kowace Lahadi bayan an tashi coci suna zama wasansu na labari. Norbert ne mai jan wasa. Shi yake faɗin ƙasar da ake ciki, da kogunanta da dodanninta, sauran kuma kowa yana da jaruminsa da yake magana da bakinsa. Idan aka zo inda za a ci ko a faɗi, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska ashirin, ita ce take yanke hukunci. Mai jan wasa yana yin nasa jifan a bayan wani kwali da yake kafawa a gabansa, ba wanda yake gani sai shi, don haka duk wasan a kan amanarsa yake tsaye. Norbert kuwa an san shi: abin da ƙwaya ta nuna shi yake faɗa, ko da zai kashe jarumin da mutum ya yi shekara goma yana raino. Dalilin da ya sa suke kiransa Mahauci ke nan.

Jarumi ɗaya ne kawai ya tsira daga hannunsa, wani wada mai gatari da Lyle ya sa wa suna Hadrek tun ƙarshen shekarun 1970. Ya rayu a zamanin da fastoci suke wa'azi cewa wasan nan hanyar Shaiɗan ce, har uwar Lyle ta ƙona masa littattafansa a bayan gida. Ya rayu bayan shagon da suke sayen ƙwayoyi ya rufe, da bayan rabin mutanen teburin sun tashi ko sun mutu. A taron shekara-shekara na tsofaffin 'yan wasa, baƙi daga jihohi masu nisa sukan zo su gaisa da Lyle don kawai sun ji labarin wadan da ya ƙi mutuwa a teburin da ba a yin sassauci.

Norbert ya shiga kicin don ya wanke hannu, sai Arlene, matar Lyle, ta biyo shi ta turo ƙofa. Ta rame a 'yan watannin nan, rigar sanyinta ta yi mata yawa. Ta faɗa masa abin da ma'aikaciyar jinya ta ce da safe, wanda ba a faɗa wa Lyle ba: da wuya ya ga wata Lahadin. Ta ce ta san yau za su isa hasumiyar nan da suka daɗe suna nema a wasan, domin mijinta ba shi da wata hira sai ita.

"Norb, ban taɓa sa baki a wasanku ba," in ji ta. "Yau kaɗai nake roƙonka. Ka bar shi ya ci. Kada wadan nan ya mutu a gabansa."

Norbert ya tsaya yana goge hannu da tawul, fiye da lokacin da gogewar take bukata. Ya so ya ce mata ba haka ake yi ba, amma da ya dubi fuskarta sai maganar ta zama ƙarama a bakinsa. Ya ɗaga mata kai.

Aka jawo teburin har ya taɓa gefen gado. Duane ya zauna a ƙarshe da farantin cuku a gabansa, Bev kuma, wadda ta yi shekaru tana tuƙa motar makaranta kafin ta yi ritaya, ta zauna kusa da Lyle don ta riƙa ɗauko masa ƙwaya idan ta gangara. Injin iskar numfashi yana huci a kusurwa. A waje ƙanƙara ta fara narkewa, ruwa yana ɗiga daga indararo.

Da aka fara, sai Lyle na da ya dawo. Ya sa aka ɗaga masa kan gado, ya gyara bututun da ke hancinsa, ya yi ta gardama da Duane a kan hanyar da za a bi, yana cewa tun da aka haifi bokan nan, jarumin Duane, bai taɓa ba da shawarar da ba ta kai su rami ba. Bev ta ce masa tsoho ya rage baki ya adana numfashi, ya ce numfashin nasa ne, a kan Duane yake so ya ƙarar da shi. Arlene tana tsaye a ƙofar kicin da hannuwa a naɗe, tana kallo kamar mai kallon yara a bakin ruwa.

Suka kai ƙofar hasumiya, inda wani ƙaton dodo yake gadi. Faɗan ya yi tsawo kuma bai yi musu kyau ba. Bokan Duane ya faɗi a sume, maharbiyar Bev ta ƙarar da kibanta, Hadrek ya sha sara har ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. Kowa a teburin ya san lissafin: idan dodon ya sake samunsa sau ɗaya, shi ke nan. Bev ta ce ya ja da baya. Lyle ya ce Hadrek bai taɓa nuna wa dodo keyarsa ba, kuma ba zai fara da tsufa ba. Ya jefa tasa ƙwayar, ta ba shi huɗu, gatarin ya kuskure.

Saura jifan dodo. Norbert ya karkaɗa ƙwayar a tafinsa ya sake ta a bayan kwali. Ta yi birgima, ta bugi fensir, ta tsaya a kan sha tara, lambar da ba ta kuskure.

Ya daɗe yana kallonta. Hannunsa ya tafi da kansa ya cire tabarau, ya ajiye a kan tebur. Sa'an nan ya ga Arlene a bakin ƙofa, ya ɗauki tabarau ya mayar. Ya ce kulkin dodon ya wuce ta saman kan Hadrek, ya daki bango, duwatsu suka zubo.

Duane ya buga tebur don murna, Bev ta sauke ajiyar zuciya ta tura wa Lyle ƙwayarsa. Lyle bai ɗauka ba. Ya dubi Norbert, duban da ba fushi a cikinsa, kuma wannan ne ya fi ciwo. Ya ce ya gaji, a dakata. Ya roƙi Arlene ta kai Duane da Bev kicin ta ba su abin taɓawa, shi yana da magana da maƙwabcinsa a kan shingen da ya karkace.

Da suka fita, falon ya rage daga hucin inji sai ɗigar ruwa.

"Nawa ta nuna, Mahauci?"

Norbert ya ce ai ya faɗa, kuskure ne.

"Ka cire tabarau," in ji Lyle. "Duk wanda ka kashe a teburin nan, sai ka cire tabarau tukuna. Na ga ka yi wa Duane, na ga ka yi wa ƙanena, Allah ya ji ƙansa. Ka ɗauka ban sani ba?"

Lyle ya jira numfashinsa ya dawo, sa'an nan ya ci gaba a hankali, yana hutawa a tsakanin kalmomi. Ya ce likita yana ce masa za a gani. Arlene tana ce masa yau ya fi jiya kyan gani. 'Yarsu tana bugo waya tana shirya masa tafiyar kamun kifi da bazara. Bai ga laifinsu ba, kowa yana yin abin da zai iya. Amma tun da aka kawo gadon nan, duk wanda ya shigo falon yana yi masa magana kamar wanda aka riga aka rufe. Wuri ɗaya ya rage masa inda abu yake iya samunsa da gaske, inda yake iya ci ko ya faɗi kamar kowa.

"Idan kai ma ka fara tausaya mini, to, na mutu tun ɗazu," in ji shi. "Kuma duk shekarun nan da wadan nan ya rayu, ta yaya zan san ba kyauta ka riƙa ba ni ba?"

Wannan ce ta shiga Norbert. Ya ji muryar Arlene a kicin tana tambayar Bev ko za ta ƙara. Alkawari ya yi mata, bai fi awa biyu ba, kuma ita ce za ta zauna a gidan nan bayan komai, ita ce zai riƙa gani ta kan shinge. Ya dubi mutumin da ke kan gado, da ƙasusuwan wuyansa da suka fito, da idanun da suke jiransa. Sai ya miƙa hannu ya ɗauke kwalin, ya kwantar da shi a gefe. Ƙwayar tana nan inda ta tsaya, bai taɓa ta ba.

Lyle ya leƙa, ya karanta, ya lumshe ido.

"Ban taɓa ba ka kyauta ba," in ji Norbert. "Ko sau ɗaya. Sai yau."

"To, kira su. Ka faɗe shi yadda kake faɗa wa kowa."

Aka dawo aka zauna. Norbert ya ce ya yi kuskure a jifan da ya wuce, zai gyara. Ya cire tabarau. Ya faɗi yadda kulkin ya sauko a kafaɗar Hadrek, yadda wadan ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya a bakin ƙofar da ya yi shekaru yana nema, gatarinsa har yanzu a hannu, da yadda bai ga abin da ke cikin hasumiyar ba. Bai ƙara masa jarumtar da ƙwaya ba ta ba shi ba, bai kuma rage ba. Duane ya sunkuyar da kai a kan farantinsa. Bev tana kuka ba sauti. Arlene ta juya ta shiga kicin, suka ji ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba.

Al'adarsu ce idan jarumi ya mutu, mai shi ya jefa ƙwaya ya fitar da sabo nan take, kada ya tashi daga tebur hannu wofi. Lyle ya ce a miƙo masa ƙananan ƙwayoyi uku da farar takarda. Bev ta riƙe masa murfin kwali a kan cinya, ya yi ta jifa tana rubutawa. Abin da ya fito wani raggo ne, ba ƙarfi ba wayo, sai dai ɗan kyan fuska. Lyle ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce a ƙarshe dai ya sami wanda ya yi kama da Duane, in ban da fuskar. Ya ce zai nemo masa suna kafin Lahadi.

Da za su tafi, Norbert ya tsaya a ƙofar kicin ya kira sunan Arlene. Ba ta juyo ba.

"Abu ɗaya na roƙe ka," in ji ta.

Ya ce Lyle ne ya so haka. Ta ce ta sani, tana da kunne. Ta ci gaba da wanke farantin da ya riga ya fita.

Lyle ya rasu ranar Alhamis da hantsi, Arlene da 'yarsu suna gefensa. Norbert ya sani ne da ya ga motar masu ɗaukar gawa ta tsaya a layin. Duane ya sa sanarwa a shafin intanet na tsofaffin 'yan wasa, saƙonni suka yi ta shigowa daga mutanen da ba su taɓa zuwa Manitowoc ba, da yawansu suna cewa aƙalla wadan nan bai taɓa faɗuwa ba. Duane ya tambayi Norbert ko a gyara musu. Norbert ya ce a faɗa musu gaskiya: a ƙofar hasumiya ya mutu, da jifan sha tara, ranar Lahadi. A coci Arlene ta karɓi gaisuwarsa kamar yadda ta karɓi ta kowa, ta wuce ga na bayansa. Ya kwana biyu yana juya abin a ransa, bai sami inda zai ajiye shi ba. Ya san ya yi wa ɗaya daidai, ya kuma san wadda ya bari da ciwon.

Da safiyar Lahadi sanyi ya dawo, ƙanƙara ta sauka mai nauyi ta rufe layin. Norbert ya share ƙofar gidansa, ya tsaya jim kaɗan da shebur a hannu, sa'an nan ya zagaya ya fara share ta gidan Hovland, daga bakin titi yana nufar matakala. Bayansa yana ciwo, yana yi yana hutawa. Ya kai tsakiya sai ya ji an buɗe ƙofa. Arlene ce, cikin silifa da babbar rigar mijinta. Ba ta dube shi ba. Ta sunkuya ta ajiye kofin kofi a kan matakalar sama, ta koma ciki ta rufe ƙofa a hankali.

Norbert ya ci gaba da shara. Kofin yana can yana tururi a cikin sanyi, ƙanƙarar da ke gindinsa tana narkewa kaɗan-kaɗan.