Mai Gyaran Ƙofa

Shekara biyu ke nan Auta yana aiki daga gida. Kamfanin da ya ɗauke shi kabad ɗin kicin suke ƙerawa, a wani gari mai nisan yini guda a mota. Shi nasa zane ne: ya auna a kwamfuta, ya tura, kafintoci su yanka. Kullum ƙarfe tara na safe ana haɗuwa ta bidiyo. Manaja tana ofishinta, Dogo babban kafinta yana tsakiyar ma'aikata da waya a hannu, Auta kuma yana gaban wani tsararren ɗakin karatu mai kantocin littattafai.

Ɗakin karatun nan hoto ne kawai da kwamfuta ke nunawa. A bayansa gadon ƙarfe ne, da kwandon wanki, da wata kujerar roba inda mahaifinsa ke zama.

Baba ya yi shekara arba'in yana kafinta kafin ciwon baya ya zaunar da shi, ya dawo gidan autansa. Ba wanda ya tsara yadda ya shiga aikin. Wata rana dai Dogo ya nuna wani katako da ya tsage, Baba ya yi gunaguni daga kujerarsa, Auta ya kashe makirfo ya ce, “Me ka ce, Baba?” Ya kunna, ya maimaita musu da nasa bakin, maganar kuwa ta zauna daidai. Daga nan abin ya zama jiki. A kashe, a tambaya, a kunna, a faɗa. Har Manaja ta riƙa cewa Mai Zane, kamar yadda take kiran Auta, yana da idon da ba a koyarwa a makaranta.

Baba bai taɓa neman a ambace shi ba. Amma kafin tara ta buga ya yi wanka ya sa riga mai guga, ko da yake ba mai ganinsa. Ya san kowa da murya. “Wannan Dogon naku,” yakan ce, “hannunsa ya fi kansa sauri, amma kafinta ne.”

Ranar da abin ya faru, ƙofofin kabad talatin da biyu aka dawo musu da su daga wani sabon gini, duk sun kantare. Fuskar Manaja ba annuri. Dogo yana ta yawo da waya, yanzu rufin kwano, yanzu takalminsa, yanzu gefen ƙofa.

“Dogo, ka tsaya wuri ɗaya, kana sa ni jiri,” in ji ta.

Baba ya kasa zama. Ya miƙe ya matso bayan ɗansa yana ƙanƙance ido. Hoton ɗakin karatun ya haɗiye shi, sannan ya tofo rabin fuskarsa da hannu ɗaya a tsakiyar littattafai.

“Ce masa ya kwantar da ita a kan tebur,” in ji Baba da ƙarfi. Makirfo a kunne yake.

Manaja ta matso kusa da kyamararta. “Mai Zane, wa ke tare da kai? Ka san ba a shigo da baƙo taron aiki.”

“Wani tsoho ne, mai gyaran ƙofa,” in ji Auta. “Yanzu zai fita.”

Bakinsa ne ya riga shi. Sai da maganar ta gama fita ya ji ta, kamar wani ne ya faɗa. A allo ya ga hannun nan ya janye, littattafai suka rufe gurbinsa. Bai iya waiwayawa ba. Ya ji jan silifa, ya ji an fita.

Ya ɗauka shi ke nan, tsohon ya tafi ya kwanta. Ba a yi minti uku ba sai ga shi da tsohuwar jakar kayan aikinsa. Ya dafa bango, ya durƙusa a hankali a bakin ƙofar ɗakin, wadda dama ta yi wata shida tana gogar ƙasa, ya zaro sukudireba.

Auta ya kashe makirfo. “Baba.”

“Yi aikinka, maigida. Ba zan daɗe ba.”

Matar Auta ta zo wucewa da bokiti, ta tsaya. “Baba, da bayan naka? Wa ya sa ka wannan aiki?”

“Masu gidan ne suka kira ni, 'yata.”

Ta dubi mijinta. Ya dubi allo. Da ƙasa za ta tsage, da ya gode mata.

“Mai Zane, muna jinka,” in ji Manaja. “Me ya kantarar da su?”

Ya kunna. “Wataƙila katakon bai bushe ba.”

“Busasshe ne kamar ƙashi,” in ji Dogo. “Ni na auna shi da hannuna. Yau kuma idon naka ya tafi hutu ne?”

Auta ya kalli ɗan akwatin da fuskarsa take ciki: wuyan riga a tsaye, littattafan da bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. A bayansa yana jin numfashin tsoho, irin na mai danne ciwo, da ƙarar noti yana kwancewa. Hannun da ke juya notin nan shi ya biya masa kuɗin makarantar da ya koyi zane. Zai iya cewa layi ya yanke. Zai iya cewa a ba shi zuwa gobe, in ya so da rana ya lallaɓi tsohon. Baba zai faɗa masa amsar, ya san zai faɗa, kuma wannan ne ya fi ci masa rai.

Ya shiga neman inda ake cire hoton. Ya manta wurin, sai da ya buɗe wurare uku. Littattafan suka ɓace. Gadon ƙarfe ya fito, da kwandon wanki, da tsoho a durƙushe ya juya baya.

“Ranki ya daɗe, ƙarya na yi,” in ji shi. “Mahaifina ne. Kafinta ne. Duk abin da kuka ji na faɗa a kan katako shekara biyun nan, daga bakinsa na ɗauka.”

Dogo ne ya fara dariya. “Dama na sha mamaki. Mutumin da ke riƙe fensir kamar cokali, ina ya san warin ɗanyen katako? Baba, barka da aiki.”

Baba bai juyo ba sai da ya gama cire notin da ya fara, ya sa shi a aljihu. Auta ya ɗauko kwamfutar ya durƙusa kusa da shi.

“Kai ne Dogo?” in ji Baba. “Jingine wayar nan da wani abu, ka ba taga fuska, ba baya ba. Yauwa. Kwantar da ƙofar. Danna kusurwa. Yanzu juya min cikinta.”

Dogo ya juya ta. Gaban yana ƙyalli, cikin kuwa fari fat.

“Fuska ɗaya kuka shafa wa fenti. Ɗayar tana shan damshin sabon gini, ɗayar ba ta sha. Ba dole ta lanƙwashe ba?”

“Fentin ne ya yi mana kaɗan, muka ce ai ciki ba mai gani,” in ji Dogo yana sosa ƙeya.

“Katako yana gani.”

Manaja ta yi rubutu a takarda. “Mun gode, Baba. Mai Zane, ni da kai za mu yi magana da rana.” Allon ya yi duhu.

Auta ya ajiye kwamfutar a ƙasa. “Baba, ka yafe mini.”

Tsohon yana duban maƙalar ƙofar ta ƙasa, yana murza tsatsarta da babban yatsa.

“Kama ta nan,” ya ce. “Ɗaga sama kaɗan. Kada ka sake ta sai na ce.”

Auta ya kama.