Gaton Attahir

Shekara goma sha ɗaya Attahir, mutumin Kalfu, ya yi yana kuku a gidan wani Nasara a Tawa. Duk garin an san gatonsa, wato kek ɗin da yake gasawa. Abu ɗaya ne bai taɓa yi da hannunsa ba: shi ke kaɗa farin ƙwai da niƙaƙƙen sukari har ya yi kauri, amma Madam, matar Nasaran, ita ce ke ɗiga launi daga 'yan kwalabenta. Da za su koma ƙasarsu bayan samun 'yanci, ta bar masa kwalaben.

Ya koma aiki wajen Zainabu, matar sabon darektan lakwal, wato shugaban makarantar boko. Da bikin ranar jamhuriya ya matso, ta ce tana son gato mai kamar tuta: ruwan goro a sama, fari a tsakiya, tsanwa a ƙasa.

"Wanga ba komi ba ne, uwargida," in ji shi.

Ya raba sukarin a kwano uku. Ya san ja da ruwan ɗorawa ke ba da ruwan goro. Matsalar ita ce kwalba biyu da kullum yake ganinsu iri ɗaya, sai dai guda ta ɗan fi duhu, ga shi bai iya karatun boko ba. Girman kai ya hana shi tambaya. Ya zaɓa, ya ɗiga, ya shafe gaton sumul da bayan wuƙa.

Bayan la'asar ya fito da shi gaban baƙi, yana tafe a hankali. Hira ta tsaya. Wani malamin lakwal ya leƙa faranti ya ce, "Tutar wace ƙasa ce wagga?" Wasu suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Zainabu ta yi maza ta ɗauki wuƙa ta yayyanka.

Da baƙi suka watse, ta same shi a madafa ta ɗaga kwalaben biyu. "Baba Attahir, wacce ce ja?"

Ya nuna. Ta dube shi, ta ce a hankali, "Wagga tsanwa ce."

Ko cefanen da aka saba ba shi bai tsaya karɓa ba. A gida ya zauna bakin ƙofa, ya faɗa wa matarsa Tanna abin da ya faru, yana jiran ta yi mamaki.

"Ai na daɗe da sani, maigida," ta ce, tana tsince gero. "Tun ranar da ka sawo mini ɗanyen tumatir kana yabon nunarsa. Innarka ma ta sani."

"Kuma ba wanda ya gaya mini?"

"Mi za mu ce maka?"

Kwana biyu bai je aiki ba. A na uku Zainabu ta aiko a kira shi. Ya tarar ta ɗaura zare a wuyan kwalbar tsanwa, ba ta kuma ta da zancen ba. Ya gaishe ta idonsa a ƙasa, ya hura wuta.