Minti Biyar a Ɗakin Zannuwa

Sista Doguwa na cikin minti na uku na kukanta aka ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin ajiyar zannuwan gado. Doka ce tsakanin ma'aikatan jinya na sashen masu ciwon daji: ba a kuka a gaban marar lafiya. Wadda abin ya ci ƙarfinta sai ta shiga nan, ta yi minti biyar, ta wanke fuska, ta ba 'yar'uwarta wuri. Da safen nan matar gado na huɗu ta rasu, wadda Sista ta yi wata bakwai tana lalubar mata jijiya.

Aka ce Baba Tela na kiranta. Ta fita a gaggauce, ta manta da wanke fuskar.

Shi kuwa Baba Tela, tsohon da ke jiran sakamakon gwajinsa, bai taɓa yarda da takardar likita ba, fuskar Sista yake karantawa. Yana ganin idanunta jawur ya saki salati. Ta rantse ba shi take yi wa kuka ba, amma ina! Ya kama hannun matarsa, ya ce ta yafe masa tun da sauran numfashi. Wai agogon bangon da mahaifinta ya ba ta, wanda aka yi shekara ashirin ana zargin ƙanenta, shi ya fasa shi. Wai kuma tun da aka yi aurensu gishiri yake yi wa miyarta yawa. Sista na ta ƙifta masa ido, shi kuwa sai ƙara tonawa yake.

Ana cikin haka likita ya shigo da murmushi, ya ce ƙarin dajin da ke jikin Baba Tela ya kusa ɓacewa, gobe za a sallame shi.

Matar ta gyara zama. "Alhamdu lillahi. Ashe muna da lokaci, Malam. Mu koma kan agogon."

Baba Tela ya dubi Sista kamar zai yi kuka. "'Yar nan, kin kashe ni da raina. Ba za a ƙara mini ko mako guda a asibitin nan ba?"

Dariya ta ƙwace mata, ta fita da sauri tana toshe baki. Kafin ta kai ƙarshen baranda dariyar ta juye ta koma kuka. A ƙofar ɗakin zannuwa ta tarar da biyu daga cikin abokan aikinta a layi. Ta gaban ta tambaye ta a hankali, wa aka rasa kuma?

"Ba kowa," ta ce, ta tsaya a bayansu. "Minti biyu ya rage mini na ɗazu."