Muryar Baba Dantong

Duk wanda ya daɗe a unguwar Daɗin Kowa ya san muryar Baba Dantong. Shi ne mai karanta sanarwa a coci, shi ake ɗauka ya gabatar da taron biki, kuma idan ya fara ba da labari har masu wanke-wanke sukan tsame hannu su saurara. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi a gonar dankali. Ƙafa ta dawo, hannu ya ɗan dawo, harshe kuwa ya yi nauyi. Kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita kafin ta fito. Tun daga nan ya daina magana a gaban baƙi, idan an gaishe shi sai dai ya ɗaga hannu.

Autarsa Klaudiya tana shekarar ƙarshe a sashen koyon aikin jarida na jami'a. Aka ce kowane ɗalibi ya haɗa ɗan gajeren fim a kan wani abu na gaskiya, za a nuna a babban ɗakin taro gaban malamai da iyaye. Ita ta zaɓi tsofaffin ramukan kuza na Naraguta, waɗanda ruwa ya cika suka zama tafkuna. Kakanta ya yi haƙa a can, kuma ba wanda ya riƙe labarin sai Baba. Ta roƙe shi, ya girgiza kai. Ta sake roƙo, ta haɗa da shagwaɓar 'yan auta, har ya gaji ya yarda. Don ita kawai ya yarda, kowa a gidan ya san haka.

Babayo, wani ɗan ajinsu daga Rikkos, shi ya riƙe kyamara. Ya zaunar da Baba yadda haske zai sauka a lafiyayyen ɓarin fuskarsa, ya ja baya kaɗan. Klaudiya ta ce ya matso. Ya matso. Labarin da a da Baba zai gama kafin shayi ya huce, ranar sai da ya cinye yini guda. Yakan faɗi kalma biyu, ya tsaya, leɓe yana rawa, ido yana neman ta uku.

Da suka zauna haɗa fim ɗin, Babayo bai yi shawara da kowa ba, ya bi shirun nan ɗaya bayan ɗaya yana yankewa. Aiki ne mai cin rai. Duk inda aka yanke magana, kan mutum yakan yi tsalle a hoto, dole a rufe wurin da wani hoton. Sai ya rufe da koren ruwan tafki, da ciyawa tana kaɗawa, da wani tsohon ƙarfe mai tsatsa a bakin rami. Da ya gama, fuskar Baba ba ta cika fitowa ba, amma maganarsa tana tafiya sumul.

Suka kai wa malaminsu, Dokta Ambrose. Mutum ne mai son aikinsa, ba ya duba fim yana danna waya. Ya kalla har ƙarshe, ya ce su nuna masa abin da suka yanke. Ya kalli wannan ma, ya cire tabarau.

"Kun zubar da naman kun kawo min romo," in ji shi. "Klaudiya, labarin kuza kowa zai iya bayarwa. Fim ɗinki yana cikin shirun nan. Mutum yana kokawa da bakinsa don kada labarin ubansa ya ɓata, ke kuma kin rufe shi da hoton ciyawa? Mayar da shirun. Ki tsaya a kan fuskar, kada ki kau da kyamara. In kin yi haka, ni da kaina zan tura shi gasar ɗalibai."

"To, Sa," ta ce.

Ta mayar. Kuma maganar gaskiya, malamin bai yi ƙarya ba, fim ɗin ya yi ƙarfi. Da aka gwada shi a aji, 'yan surutun baya ma tsit suka yi, wata har da share hawaye. Klaudiya ta ji daɗi, kai, har kanta ya ɗan kumbura. Ita da ba a taɓa kiran sunanta a gaban aji don yabo ba, ga shi yau ana cewa a yi koyi da ita.

A bakin ƙofa Babayo ya tare ta. "Kin nuna wa Baba?"

"Zai gani ranar."

"Haka za ki bari ya fara gani, a gaban jama'a?"

"Malam, babanka ne ko nawa?"

"Naki ne," ya ce, ya rataya jakarsa. "Wancan na farkon dai yana nan cikin kwamfutarki, ban goge ba."

Ta yi tsaki ta wuce. Amma maganar ta bi ta har cikin keke, har gida.

A gida ta tarar da mahaifiyarta, Mama Ana, tana goge babbar rigar Baba, wadda rabon da ya sa ta tun kafin ciwon. Mama tana guga tana murmushi. Ashe Baba ya sa an gaya wa abokinsa Pam da sauran dattawan coci su shirya, za su je makarantar Klaudiya su ji shi yana ba da labari a majigi. Har motar coci an yi magana.

Tsoro ya kama Klaudiya sosai, irin wanda ba ta ji ba ko a ranar da aka kwantar da shi asibiti. Mutumin da ya ɓoye bakinsa ga maƙwabta, ita za ta ɗora shi a bango, ƙato, kowa yana ƙirga rawar leɓensa. Ta kuma san abin da za ta rasa in ta fasa: yabon Dokta, da maki, da gasar. Tana son su, ba ta yi wa kanta ƙarya ba.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Mama tana kicin tana dama gwaten acca, Klaudiya ta ɗauko kwamfuta ta ajiye a kan tebur gaban Baba. Ta riga ta shirya jawabinta tsaf, yadda za ta bayyana masa cewa shiru ma magana ne, kuma jarumtakarsa za a gani. Ta kunna wanda malam ya yaba.

Fuskarsa ta cika allon. Baba ya gyara zama, ya ɗan yi murmushi da ɓarin da ke iya murmushi. Sai shirun farko ya zo. Mutumin cikin allo ya buɗe baki, ba abin da ya fito, leɓe ya karkace, ɗan yawu ya taru a gefe. Kyamara ba ta kau ba, kamar yadda aka umarta. Klaudiya ta saci kallon mahaifinta. Murmushin ya tafi. A hankali ya ɗaga lafiyayyen hannunsa ya goge gefen bakinsa, alhali ba komai a wurin. Ya bar hannun a nan, ya rufe bakin, har fim ya ƙare.

Ya juya yana kallon rigar da aka rataye a bayan ƙofa.

Jawabin nan da ta shirya, ko kalma ɗaya ba ta samu ba. Kunya ta rufe ta. Ta ce, "Akwai wani, Baba," ta nemo na Babayo ta kunna.

Ruwan tafki ya bayyana, sai murya ta hau kansa, ba tsayawa, ba laluben kalma: "Ubana ya shiga ramin nan yana saurayi, da kwano a ka, ya fito da furfura." Ta ɗan yi kauri, ta ɗan ja, amma muryar Baba ce. Jimla tana bin jimla, har da 'yar dariyar da yakan yi kafin ya kai wurin ban dariya.

Wani abu ya faɗi a kicin. Mama Ana ta fito da gudu, hannu duk acca, zani yana neman kwancewa.

"Baban Klaudiya! Kai ne? Bakin ya..."

Ta tsaya cak. Ta dubi mijinta, bakinsa a rufe, ta dubi allon. Ta gane. Ta zauna a hannun kujerarsa ta sa gefen zani a ido, ta yi kuka mai sauti, ba ta ɓoye ba. Muryar kuwa ta ci gaba da labarinta a cikin falon.

Baba ya sauke hannu daga bakinsa. Da fim ya ƙare ya dubi 'yarsa, ya fara kokawar da ya saba.

"Wan... ne... za a..."

"Wannan, Baba," ta ce, tun bai ƙarasa ba. "Wannan za a nuna."

Ta san gobe sai ta tsaya gaban Dokta Ambrose ta ji abin da zai ce, ta kuma san gasar ta wuce ta. Abin ya yi mata zafi, ba ƙarya. Ta miƙa hannu za ta rufe kwamfutar, Baba ya riƙe mata wuyan hannu.

"Sa... ke," ya ce. Ta sake kunnawa. Ya nuna maɓallin ƙara sauti, ta ƙara. Sannan ya taɓa matarsa, ya nuna mata tagar da ke kallon gidan maƙwabta.

"Bu... ɗe."