Tsohon Kambas ɗin Audi

Rabin jikin Audi na ƙarƙashin gado, yana haska lungu da fitilar waya, ya sake ɗaga murya.

"Hassana! Wai ina kambas ɗina ne?"

Ya riga ya duba bayan ƙofa, ya duba kan katangar da yake shanya shi, har cikin kejin kaji ya leƙa. Dawowarsa ke nan daga filin wasa, inda ya karɓo lambar da zai manna a ƙirji ranar Asabar. Yau Alhamis. Saura kwana biyu a yi gudun fanfalakin da ya shafe wata huɗu yana yi wa shiri, kilomita ashirin da ɗaya cif.

Audi ma'aikacin gwamnati ne, shekararsa arba'in da tara, ashirin daga ciki a kan kujera ɗaya ya yi su a ofishin ajiye fayil. Ranar da likita ya auna jininsa ya cire tabarau ya dube shi, ya ce ko dai ya fara motsa jiki ko ya fara sallama da jama'a, ranar ce ya biya gwanjo ya sayi kambas. Da farko daga Rafin Guza zuwa bakin titi kawai yake kaiwa ya dafa bango. Yanzu kuwa yakan kai gadar Kawo ya wuce, ya dawo bai tsaya ba. Kaf ofishinsu an san zai yi gudun, wasu ma sun ce za su je su ga inda zai faɗi.

Matarsa Hassana ta shigo tana murmushi, hannayenta a baya.

"Fito daga nan, Baban Nafisa, ka ga abin arziki."

Ya fito da yanar gizo-gizo a gashin kansa. Ta miƙa masa kwali. A ciki sabon kambas ne fari fat, da ratsin ja, har da takarda a cuse a bakinsa.

"Jiya na shiga Babbar Kasuwa," in ji ta. "Shago shida na zaga kafin in samu lambarka. Ina dalili, ga manyan mutane, ga masu ɗaukar hoto, kai kuma ka fito da wancan abin da babban yatsanka ke leƙowa?"

"Allah ya saka da alheri. Ya yi kyau ƙwarai. To shi wancan ɗin yana ina?"

"Ai na rabu da shi."

"Kin rabu da shi kamar yaya?"

"Mai robobi ya wuce ɗazu. Na haɗa masa da tsofaffin kaya, ya ba ni baho ɗaya da kofi biyu. Shi ma sai da na roƙe shi, wai warin ya yi yawa."

Audi ya zauna a bakin gado a hankali. Abokinsa Sharhabil, tsohon malamin motsa jiki da ke ba shi shawara, dokoki uku ya kafa masa na kwanakin ƙarshe. Ya huta, kada ya yi gudun ko da taku goma. Ya ci shinkafa da taliya ya sha ruwa sosai. Ta ukun kuma sai da ya maimaita ta yana buga tebur: ranar gudu ba a sa sabon abu, ko da safa ce, balle takalmi.

"Hassana," ya ce da sanyin murya, "wannan takalmin ya san ƙafata. Wata huɗu muna tare."

"Ni shekara ashirin da biyu muna tare, ban taɓa jin ka yi maganata da irin wannan muryar ba."

Audi ya miƙe tsaye. Ya tambaye ta kamannin mutumin. Ta ce dattijo ne siriri mai jar hula, yana tura kura, ana ce masa Ila, kuma ya yi wajen Kawo kamar awa ɗaya da ta wuce. Silifas ɗin Audi sun tsinke tun jiya, don haka ya zura sabon kambas ɗin, ya fita da rigar ofis da wandon yadi. Sai da ya kai bakin layi ya tuna wayarsa na kan gado, walat ɗinsa kuma a aljihun wata rigar. Ya ce a ransa ai mai tura kura ba zai yi nisa ba.

Da tafiya ya fara, don kada ya karya dokar Sharhabil. A bakin wani shagon walda ya yi tambaya, aka ce yanzun nan ya wuce. A wajen mai wake da shinkafa ma aka ce yanzun nan. Da ya ji "yanzun nan" karo na huɗu bai ga ko ƙurar mutumin ba, sai ya fara sassarfa. Kafin ya kai Kawo ya koma gudu sosai, rana tsaka, yana kauce wa kekuna da masu tallan lemo.

Matsalar ita ce Ila ba ya bin titi. Lungu-lungu yake shiga, duk inda mata ke cikin gida. Audi ya shiga Hayin Banki ya fito, ya sake shiga ta wani layin. Wata tsohuwa ta leƙo daga zaure riƙe da sabon bokiti, ta ce ai har ruwa ta ba shi ya sha, kuma ta ji yana cewa Mando zai nufa.

"Lafiya dai, ɗan nan? Sata ya yi maka?"

"A'a, Inna. Ciniki ya yi da matata."

Tsohuwar ta bi shi da kallo har ya sha kwana.

A hanyar Mando ne sabon takalmin ya fara nuna halinsa. Ya fara da ɗan zafi a diddigen hagu, kamar an ɗora garwashi ƙarami. Can sai na dama ya amsa. Audi ya koma gudu yana ɗingishi da ƙafa biyu, abin da bai taɓa sanin ana iyawa ba. Rigarsa ta manne a jiki. Wani jirgin sojan sama ya wuce ƙasa-ƙasa da ƙara, ya ɗaga kai ya dube shi da hassada.

An riga an tayar da sallar azahar lokacin da ya hango kurar. Tana jingine a gindin wata bishiyar darbejiya, kusa da wani ƙaramin masallaci na bakin hanya, an jibga mata bahuna da bokitai, an ɗaure tsofaffin tufafi a gefe. Ya ƙarasa yana haki, ya daddaga kayan. Babu kambas. Ya juya zai zauna, sai idonsa ya faɗa kan takalman da aka jera a ƙofar masallacin.

Ga shi can, tsakanin wani sau-ciki da silifas shuɗi. Toka-toka, igiya ɗaya baƙa ɗaya ruwan ƙasa, da hujin nan a kan babban yatsa. Audi bai yi tunanin komai ba. Ya sunkuya ya ɗauka, ya rungume shi a ƙirji, ya juya. Daidai lokacin liman ya sallame.

"Kai! Ajiye shi!"

Wani ƙaton mutum mai kayan kanikanci ya damƙe masa kwalar riga ta baya. Kafin Audi ya buɗe baki an kewaye shi.

"Shi ne! Wallahi shi ne ya ɗauke nawa makon jiya!"

"Ku dube shi, babba da shi, har da furfura."

"Ko sallar ma bai yi ba, jira yake mu yi sujada."

Wani ya fara cire bel. Nan Audi ya ji ƙafafunsa sun daina ciwo. Ya san yadda irin wannan taron ke ƙarewa.

"Ku tsaya, don Allah! Nawa ne! Takalmina ne!"

Liman, wani dattijo mai farin gemu, ya ratso mutane yana cewa a dakata. Ya dubi farin kambas ɗin da ke ƙafar Audi, ya dubi wanda ya rungume, ya sake duban na ƙafar.

"Bawan Allah, na daɗe ina ganin ɓarayin takalmi. Kullum da tsoho suke zuwa su tafi da sabo. Kai ne na farko da na ga ya juya abin. Na wane ne wannan?"

"Nawa ne, Malam." Wani siririn dattijo mai jar hula ya fito daga masallacin, ba ya ko sauri. "Yau da hantsi na saye shi a Rafin Guza. Baho ɗaya da kofi biyu."

Audi ya yi bayani, yana yi yana haɗiyar iska. Ya faɗi maganar likita, da wata huɗun da ya yi yana fita bayan asuba, da matarsa da kwalinta, da gudun jibi. Da ya zo kan kilomita ashirin da ɗaya, bakaniken ya sake masa riga.

"Wa zai biyo ku?"

"Babu kowa."

"To nawa za a ba ka?"

"Ni ba za a ba ni komai ba. Sai dai wata lamba da ake rataya wa duk wanda ya kai ƙarshe."

Aka fashe da dariya. Mai bel ya mayar da bel ɗinsa. Ila bai yi dariya ba, lissafi yake yi da yatsu.

"Daga Rigasa nake fitowa kullum," ya ce, "in zaga Kawo, in zo nan, in koma, da kura a gabana. Shekara goma sha takwas. Ba wanda ya taɓa rataya mini ko igiya."

Liman ya yanke hukunci a tsaye. Matar gida ta sayar, mai robobi ya saya, an rabu a kan yarda, don haka takalmi na Ila ne. Sannan ya umarci Audi ya ajiye kayan mutane ya je ya yi alwala, in ya idar da salla a yi maganar cikin mutunci.

Wajen alwalar ne ya ga aikin da sabon kambas ya yi masa. Diddige biyu duk sun yi bororo, na hagun ma ya fashe. Ya yi sallarsa yana cije leɓe. Da ya fito mutane sun ragu, amma bakaniken da wasu uku sun zauna a kan benci, sun ce sai sun ga ƙarshen abin.

Audi ya ajiye farin kambas ɗin a gaban Ila.

"Baba, mu yi musaya. Sabo ne dal, yau aka fara sa shi."

Yana faɗa yana jin nauyin maganar. Ya tuna Hassana tana zaga shaguna da ƙafarta mai ciwon gwiwa, tana ɓoye kwalin a bayanta kamar yarinya. Amma ya riga ya furta.

Ila ya zauna ya zura ƙafa ɗaya. Ya miƙe, ya taka sau uku, ya yamutsa fuska, ya cire.

"Wannan ai azaba ce. Yallaɓai, riƙe abinka."

"To in je gida in kawo kuɗi. Faɗi ko nawa ne."

"Ba na sayarwa." Ila ya ɗauki tsohon kambas ɗin ya shafa shi. "Shekara uku ke nan diddigena na sukata kamar an kafa ƙusa. Yau tun da na sa wannan ban ji komai ba. Ka riga ka tausasa shi, ga kuma taga ta shan iska."

Bakaniken ya kwanta a kan benci don dariya. Audi kuwa ya tsaya ba takalmi a kan siminti mai zafi. Ya dubi ƙafafun dattijon, duk faso, kamar busasshiyar fadama. Bai ga ta inda zai ce masa ya fi shi bukata ba. Ya sunkuya ya ɗauki farin kambas ɗinsa, ya ɗaure igiyoyin wuri ɗaya ya rataya a wuya.

"Shi ke nan, Baba. Allah ya sa ka more shi."

Ya yi taku biyar zuwa shida a kan tsakuwa, yana ɗaga ƙafa kamar kaza a kan garwashi, sai Ila ya kira shi.

"Yallaɓai. Jibi ka ce?"

"Jibi, da safe."

"To zo. Sayarwa ce ba na yi, amma ina ba da aro." Ya miƙa masa. "Ina da silifas a cikin kura, za su kai ni kwana biyu. Sharaɗi biyu: kada a wanke shi, kada matarka ta gan shi ita kaɗai. Kuma ni ba na bin mutum gida. A ina gudun zai ƙare?"

"A filin wasa."

"To can zan tsaya, daidai inda ake rataya abin nan. Kana isowa ka cire mini kayana."

Audi ya zauna a bakin baranda ya sa. Ƙafarsa ta shige kamar ta dawo gida, ko bororon ma ya lafa. Ya ɗaure baƙar igiya, ya ɗaure ruwan ƙasar, ya miƙe tsaye ya gyara farin da ke wuyansa.

"Ƙarfe nawa za ka iso?" in ji Ila, yana kwance kurarsa.

"Bakwai za a tashi. In sha Allahu tara da rabi ina wurin."

Ila ya dube shi tun daga furfura har tumbi, ya daɗe a kan tumbin, sannan ya kama hannun kura.

"Sha ɗaya zan zo," ya ce. "Bari in fara zaga Unguwar Sarki tukuna."