Dubiyar Mota Uku

Wata takwas Twila ta yi tana lallashin mahaifinta kafin ya yarda ya je ganin likitar ƙwaƙwalwa. Orval Stidham tsohon mai haƙar kwal ne, irin mutanen nan da ko ƙafa ta karye sai su ce targaɗe ne. Tun da ciwon daji ya ɗauke matarsa ya daina farautar barewa, ya daina zuwa coci, sai zaman kicin. Kowa ya tambaye shi, amsa ɗaya ce: lafiyarsa ƙalau. Ita kuwa Twila tsoronta kada wata rana ta zo ta tarar da gawa.

"Baba, duk abin da ka faɗa mata a ɗakin zai mutu," in ji ta. "Doka ce."

A zuwansa na huɗu bakinsa ya buɗe. Kamar yadda Twila ta ji daga baya, ya gaya wa likitar cewa ragowar ƙwayoyin kashe zafi na marigayiya suna nan a kwalba a kan teburin kicin, kuma yakan juye su a tafin hannu ya daɗe yana kallo. Baiwar Allah ta jawo fom. Fom ɗin bai san da zaman ƙwaya ba, tambayarsa ita ce ko akwai bindiga a gida. To wane gida ne a wannan yanki na gabashin jihar Kentucky babu bindiga? Ya ce akwai biyar. Ta yi masa murmushi, yana fita ta ɗaga waya ta kira 'yan sanda.

Twila tana rabon abinci ne a wani gidan cin abinci na bakin titi, inda mai wurin ya girke akwatin sauraren oba-obar 'yan sanda kusa da tukunyar kofi, kamar yadda kowa yake yi a garin. Da tsakar rana, wurin cike maƙil, akwatin ya karanto sunan babanta da lambar gidansa, ya ƙara da cewa mai taɓin hankali ne, yana neman kashe kansa. Cokula suka tsaya cak. Wani direban tirela ya ce, "Orval? Ashe!" Sirrin da doka ke tsarewa ke nan. Tir!

Ko rigar aiki ba ta cire ba ta shiga mota. Ta tarar da motocin 'yan sanda uku a ƙofar gida, maƙwabta sun yi cirko-cirko, an jera bindigogin a kan ciyawa, a kan bargon da uwarta ta ɗinka da hannu. Shugaban aikin Dwayne Culp ne, wanda Twila ta sha share wa majina a makarantar Lahadi. Yanzu ya aje tumbi da baƙin tabarau.

"Kai Dwayne, ina takardar alƙali?"

"Haba Anti Twila, ai ba bincike muka zo ba. Dubiya ce. Dubiya ba ta buƙatar takarda."

"Dubiya da mota uku? A gidanku haka ake dubiya, a shiga ɗakin mutum a birkice katifa?"

"Ransa muke ceto, Anti. Wata rana za ki gode mana."

Ya faɗi haka yana rungume da bindigar kakan Orval, wadda kunamarta ta ɓata tun ba a haifi uban Dwayne ba. Sai wani hura hanci yake kamar ya kama ɗan fashi. Ya wuce kicin ya zauna rubuta takardar abin da suka kwashe. Da teburin ya yi masa kaɗan, ya sa bayan hannu ya ture kwalbar ƙwayoyin gefe, ya ci gaba da rubutu yana lasar leɓe.

Suka tafi, har da jiniya. Orval yana zaune a kujerarsa, ya haɗa hannuwa a cinya.

"Ƙwaya na ce mata, Twila. Ban ce bindiga ba."

"Na sani, Baba. Za mu nemi wata likitar. Ranar Alhamis ni zan kai ka."

"Ke kika ce abin da na faɗa a ɗakin zai mutu."

Ta miƙa hannu ta ɗauki kwalbar don ta jefa a aljihu, sai ta ji ta sakayau. Ta buɗe. Babu ko ƙwaya ɗaya.

"Baba, ka sha?"

"Ban sha ba."

"To ina ka kai su? Don Allah, Baba, ina suke?"

Ya yi mata irin kallon da ya yi wa Dwayne ɗazu, sannan ya mai da ido kan bango.

"Lafiyata ƙalau," in ji shi.