Mai Taka wa Dela Baya

Shekara shida ke nan ciwon baya ya hana Dela sunkuyawa. Tsintsiya ma sai da ta ɗaura mata sanda, salla kuwa a zaune. Ƙanwarta Bahijja ce ke taka mata bayan kullum da la'asar, a tsakar gidansu na Roni, har ranar da Bahijjar ta rasu.

Ranar sadakar bakwai, da 'yan gaisuwa suka watse, Dela ta kwanta rub da ciki a tabarma, don sabo. Sai ta ji tafin ƙafa mai sanyi a ƙugunta, da kaushin dunduniyar nan da ta sani.

"Ya isa, Bahijja. Sauka," ta ce a hankali.

Ba a sauka ba. Tun ranar Dela ke tafiya a duƙe, kamar mai goyo.